Cibiyar Faifan Kaka

Rijal Alma, yankin Asir
Watan Jimada Awwal

Zuwa ga Gwaggo Innayatu, unguwar Ranuna, Madina.

Assalamu alaikum. Gwaggo, ina gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maƙwabta. Yaya gwiwar? Ni da Abdulfattah lafiya lau, yana ta fama da aikinsa na ba da magani a asibitin garin, kuma ya ce in miƙa gaisuwarsa.

Na bi umarninki. Kin ce waya ba ta shiga kunnenki, saƙon murya kuma sai ki ji kamar ana daka a maƙwabta, don haka ga takarda, ga biro, ga Hausa. Idan kika ci karo da Larabci a ciki ki yi haƙuri, a Madina aka haife ni. Malam Usmanu direba, mai kawo dabino nan ya koma da zuma, shi zai miƙa miki.

Gwaggo, garin nan a jikin dutse yake maƙale. Gidajen da duwatsu aka gina su, hawa bisa hawa, an zagaye tagoginsu da farar tsakuwa. Da safe gajimare yakan shigo min har kicin. Birai kuwa sun raina ni, shekaranjiya ɗaya ya ɗauke min burodi ina tsaye ina kallonsa. Maza a nan furanni suke naɗawa a ka, da raihan da wani fure ruwan ɗorawa, tsofaffi masu gemu da 'yar wuƙa a ƙugu. Na saka miki hoton surukinki da nasa a ka, don ki yi dariya.

Amma ba zan ɓoye miki ba, na yi kaɗaici. Matan garin suna gaishe ni da fara'a, daga nan sai kowa ta shige gidanta. Sai kwanan nan maƙwabciyata, wata tsohuwa da ake kira Umm Ubaidullah, ta ja ni ɗakin baƙinta. Gwaggo, bango ne tun daga ƙasa har sama an zane shi da ja da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa. Ƙatt suke kiransa, kuma aikin mata ne. Ita ce mai ja musu gaba. Ta ce kafin azumi mata sukan taru su sabunta ɗakunan juna, kuma bana za su yi nawa. Na kusa yin kuka don murna.

Sai ta tambaye ni: "Mene ne zanen gidanku? Ba na fara bangon mace da zanen wata."

Na ce mata ta ba ni lokaci. Da na dawo gida sai na tuna faifan Kaka, wanda kike rufe kwanon kunu da shi. Don Allah ki ba Malam Usmanu ya taho min da shi. Ina so matan nan su ga cewa mu ma 'yan gida ne, muna da abinmu.

Taki,
Safiyyatu

*

Ranuna, Madina
Watan Jimada Sani

Uwani,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na karanta da tabarau biyu, nawa da na Hajiya Halimatu maƙwabciyata. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, babu wadda ta sallami wata. Ranar Asabar na taka har masallacin Ƙuba na yi nafila, na dawo a mota, kada ki gaya wa kowa.

Har yanzu kina sa hannu da cikakken sunanki a wasiƙar da kika san ni zan karanta. Sunan uwata aka sa miki, bakina ba ya faɗarsa, idona ma ba ya son karanta shi tsirara. Ki rubuta Uwani kamar yadda nake kiranki.

Hoton mijinki na gani. Na kifa shi a kan firiji. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a masallacin Ƙiblatain, yau shi ne da fure a ka kamar amaryar Indiya. Hajiya Halimatu ta ɗaga ta duba, ta ce ya yi masa kyau. Ita dama daga Chadi ta zo, ba a gane abin da suke so.

Yanzu maganar zane. Ikon Allah. Tun kina 'yar firamare nake zaunar da ke da kaba da basilla, kina cewa yatsunki na ciwo, kina gudu wajen talabijin. Yau wata tsohuwar dutse ta nuna miki fenti, har kina neman kuka. Ban ji haushi ba. Na faɗa ne kawai don a san an faɗa.

Na fahimci abin da kike nufi, kina so a san ba daga sama kika faɗo ba. Daidai ne. To da wannan tsumman faifan za ki nuna hakan? Abin da hayaƙi ya ci, gefensa ya zare, kunu ya zuba masa tun kafin a haifi ubanki? Ba da ni za a yi wannan abin kunya ba. A gidanmu ba a aika wa mutum tsohon abu, balle a ƙasar mutane, balle a nuna wa baƙi.

Na shiga kasuwa da kaina. Za ki ga farantai masu ruwan zinari, saiti guda, da fayafai biyu sababbi fil na zaren roba, masu walƙiya. Ki jera su inda ido zai fara sauka. Akwai dabinon ajwa da kuka da daddawa a ƙasan kwalin. Biran nan kuma ki daina tsayawa kina kallonsu, ki nemi sanda.

Allah Ya yi miki albarka.

Gwaggonki

*

Rijal Alma
Watan Jimada Sani

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Kwali ya iso, Allah Ya saka da alheri. Abdulfattah ya sha miyar kuka har ya yi gumi a wannan sanyin. Ya ce a gaya miki furen na maganin ciwon kai ne, haka mutanen nan suka ce, amma ya karɓi hukuncin kifewa a kan firiji.

Farantai sun yi kyau. Sai dai, Gwaggo, ki yafe min, na yi dariya har na riƙe ciki. Umm Ubaidullah ta ɗauki ɗaya ta juya bayansa, ta ce irinsa ne a gidan 'yarta, a kasuwar Abha ta saya. Fayafan roba kuma ta shinshina su ta ajiye. Ta ce: "Wannan inji ne ya yi. Ina hannun uwarku?"

Ba arziki suke so su gani ba. A nan tsohon abu ne mai daraja. Tana da wani akushi da ya tsage aka ɗinke shi da waya, shi ne a saman komai a ɗakinta.

Makon da ya wuce aka yi ɗakin wata mata, aka gayyace ni. Bari in ba ki labarin yadda ake yi. Ana fara shafe bangon da farar ƙasa. Sai Umm Ubaidullah ta ɗauki buroshi da baƙin fenti ta ja layuka, ba ma'auni ba komai, da ido kawai. Sai ta jera 'yan kusurwoyi uku-uku da suke kira banat, ya'ani 'yan mata, da wasu kamar haƙoran mataji. Bayan ta gama sai sauran mata su bi su cike da launi, ana waƙa, ana shan gahawa, ana gulmar mazaje. Ta ce a da daga dutse suke samo ja, kore daga ruwan ganye, baƙi daga hayaƙin fitila. Ni shuɗi aka ba ni, can ƙasa kusa da ƙofa inda ba mai lura. Na ɓata 'yan mata biyu, wata ta goge, ta miƙo min dabino. A ranar ne karon farko da na ji an kira ni da sunana ba "matar mai magani" ba.

An sa aikin ɗakina a watan Sha'aban. Idan ban kawo zane ba, za ta yi min nata. Zai yi kyau, na sani, amma zan zauna ne a ɗakin wata a cikin gidana. Maganar gudu wajen talabijin gaskiya ce, ba ni da bakin kare kaina. Ki aiko min da tsumman, Gwaggo, shi nake so.

Uwani

*

Ranuna
Watan Rajab

Uwani,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Garin ya cika da masu umara, hanyar Harami ba a bi sai da gwiwar hannu.

Wato na ci kasuwa da ƙafa ɗaya da rabi, tsohuwarki ta shinshina kayana. Allah Ya ba ta lafiyar hanci. Amma maganar akushin nan ta shige ni, mace mai ɗinke akushi ba wawuya ba ce.

Ga faifan nan, na naɗe shi a zanen sallata. Ki karɓa da hannu biyu. Kakarki ta saƙa shi a Matamaye, can Nijar, tana amarya. Da shi suka taso da ƙafa, suka ratsa Chadi, suka zauna Sudan har aka haife ni, suka haye teku. A hanya ta sayar da 'yan kunnenta, ta sayar da tukunya, wannan ne kaɗai ta ƙi rabuwa da shi. Ba don tsada ba, don zanen ne. Uwarta ce ta koya mata, ita ta koya min, kuma ban taɓa ganinsa a hannun wata ba.

Za ki ga babu tsakiya. Garwashin turare ya faɗa masa shekarun baya, ya ci cibiyar gaba ɗaya. Shi ya sa nake ɗora murfin gwangwani a kai in na rufe kunu, ke kina zaton ado ne. Abin da ya rage gefe ne, ki kai mata ta gani. In ta shinshina wannan, ki ce mata ƙanshin kunun tsamiya ne na shekara da shekaru.

Tun da na naɗe shi kwanon kunu yake zaune da faranti a kai, kuma kunun ba ya min daɗi.

Gwaggonki

*

Rijal Alma
Watan Rajab

Gwaggo,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Mu ma lafiya, sai ruwan sama da yake ta zuba.

Faifai ya iso. Umm Ubaidullah ta wanke hannu kafin ta taɓa shi. Ta bi jan layin da yatsa, ta bi baƙin, tana gyaɗa kai. Ta ce matar da ta yi wannan ta san lissafi. Ta kira mata uku suka zo suka gani, aka yi ta tambayata labarin tafiyar Kaka, ni kuma ina ƙara gishiri inda ban sani ba.

Amma ta tsaya a ramin tsakiya. Ta ce duk layukan nan daga ciki suka fito, kuma ba za ta zana rassa ba tare da ta ga inda suka tsiro ba. Na zauna da takarda na yi ƙoƙarin cike gurbin da tunanina. Ga shi nan na haɗa miki. Idan daidai ne ki ce min, idan ba daidai ba ki gyara da biro ki maido.

Ko kuma, Gwaggo, ki zo. Abdulfattah ya ce zai taho Madina ya ɗauko ki a jirgi, kafin shayi ya huce kun sauka Abha. Ki ga gajimare a kicin, ki ga birai, ki nuna mana da hannunki.

Uwani

*

Ranuna
Watan Rajab

Uwani,

Wa alaikumus salam. Lafiya, alhamdu lillahi.

Na ga zanenki. Ƙafar kaza kika zana, kazar ma gurguwa. In aka sa wannan a bango aka ce na gidanmu ne, ban yafe ba.

Na ɗauki biro don in gyara, sai na ga abin mamaki. Ban san zanen da ido ba. Shekara nawa ina yinsa, amma a takarda ya ƙi fitowa. A yatsu yake. Faifai daga cibiya ake fara shi, a naɗa, a ɗinka, a yi ta zagayawa, hannu ne yake sanin inda ja zai shiga da inda baƙi zai karɓa. Sai na ce bari in saƙa miki sabuwar cibiya in aiko. Hajiya Halimatu ta samo min kaba a wajen wasu 'yan Sudan. Na jiƙa, na tsaga, na zauna bayan sallar walaha. Uwani, yatsuna sun ƙi. Sun kumbura, basilla tana zamewa, zagaye ɗaya ban iya rufewa ba. Na daɗe ban gwada ba, ashe ba ƙiwa ce ta hana ni ba. Na ajiye kayan na yi kukana, ba zan yi miki ƙarya ba.

Maganar zuwa kuma, kin san ni. Tun rasuwar maigidana ban taka bayan dutsen Uhudu ba. Makka ma na daina zuwa. Iyayena sun ƙare ƙafafunsu a hanya don su kwanta a maƙabartar Baƙi'a, kuma Allah Ya ba su. Ni da na rage ina jiran nawa, sai in hau dutse in je ajali ya same ni a cikin birai? Duk tsofaffin Ranuna haka muke, ba mai kwana a wajen gari. Kada ki sake roƙona.

Ki bar tsohuwarki ta yi nata zanen. Bango bango ne.

Gwaggonki

*

Rijal Alma
Farkon Sha'aban

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Na ji, kuma ba zan sake roƙo ba. Ki yafe min da na sa kika taɓa basilla har kika yi kuka, wannan ya fi komai damuna.

Na gaya wa Umm Ubaidullah ta yi nata. Zan maido miki da faifan in Malam Usmanu ya zo, don kunu ya dawo daidai. Ki riƙa shafa man zaitun mai ɗumi a yatsun.

Uwani

*

Ranuna
Sha'aban

Uwani,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta yi yawo kafin ta same ni. Usmanu ya yi lodin Yanbu, ya tafi da ita a aljihun mota yana shan iskar teku. Ni kuma ina nan ina leƙen ƙofa, na ce shi ke nan, yarinya ta yi fushi ta yanke ni. Da ta iso kuma na ga 'yar guntuwa, babu birai, babu gajimare, babu tsiwa. Da ma fushin kika yi, da na san yadda zan yi da ke.

Na kai ƙara wajen Hajiya Halimatu don ta taya ni cewa na yi daidai. Matar nan sai ta ce min: "Innayatu, ke in an kai ki Baƙi'a, da zanen za a rufe ki. Uwarki ta ɗauko shi daga Matamaye a ka, ke kin kasa kai shi Abha a jirgi." Na yi kamar kunnena bai ji ba. Ta maimaita da ƙarfi, har yaran baƙala, shagon unguwa, suka leƙo.

Na yi fushi da ita yini guda. Sai na yi ta tunani. Yatsuna sun mutu, amma bakina yana nan, kowa shaida ne. Naki yatsun kuma lafiyarsu ƙalau, ba abin da suka taɓa yi sai latsa waya. In na zauna a gefenki ina faɗa kina ɗinkawa, cibiya za ta fito.

Ki ce wa tsohuwarki ta ajiye buroshinta. Ki ce wa mai fure ya zo ya ɗauke ni, amma da hula. Ga sharuɗɗana. Ba zan jira bikin fenti ba, ana rufe faifai zan juyo. In na yi tari sau biyu a jere, a kai ni filin jirgi. In kuma ta Allah ta kasance a can, Abdulfattah ya ɗauki alkawari a gaban shaidu zai maido ni Madina ko a bayan motar Usmanu ne, a tsakanin jarkokin zuma.

Tsoro nake ji, Uwani, sosai. Ki jiƙa kaba.

Gwaggonki

*

Rijal Alma
Ƙarshen Sha'aban

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Abdulfattah ya dawo ya ce ya sauke ki lafiya, kuma kin sumbaci ƙofar gidanki a gaban maƙwabta. Alhamdu lillahi. Gidan nan ya yi shiru tun tafiyarki, har biran suna neman mai sanda.

An yi ɗakina jiya. Mata sun cika gidan har matakala. Na ajiye fayafai biyu a kan darduma, na Kaka da nawa, ramin wancan kusa da cibiyar wannan. Umm Ubaidullah ta daɗe tana duban su. Kin san rigimar da kuka yi, ita tana cewa zane daga ƙasa yake tashi a miƙe, ke kina cewa daga tsakiya yake fita a zagaye, ke ba ki jin ta, ita ba ta gane Larabcinki. To jiya ta buga ƙusa a tsakiyar bango, ta ɗaura zare, ta ja da'ira. Matan suka ce ba su taɓa ganin ta yi amfani da zare ba. Ta ce: "Baƙuwar Madina ta ce daga cibiya ake farawa, kuma ba na son ta ji labari ta dawo."

Ta zana cibiyar da baƙi, rassan suka fita kamar yadda suke a faifai, sannan ta kewaye shi da 'yan matansu da matajansu. Da aka zo cike launi na nufi ƙasa kusa da ƙofa, wajen shuɗina. Sai ta riƙo hannuna ta ba ni ja, ta tura ni tsakiya. Ko layi ɗaya ban ɓata ba, Gwaggo. Ina jin muryarki a kunnena kina cewa a nan ja zai shiga, ba can ba, ke wace irin yarinya ce.

Da aka gama wata ta tambayi sunan zanen. Ban san yana da suna ba, sai na ce na Safiyyatu ne. Suka zaci kaina nake nufi, na ce a'a, ta farkon. Ki yi haƙuri da na rubuta sunan, yau ɗaya.

Mata biyu sun ce in koya musu saƙa bayan sallah. Ni da na koya jiya. Ga hoton bangon nan, da kwalbar zuma daga Umm Ubaidullah. Ta ce ki sha don tari, wai ta ji kin yi sau uku a jere kin ɓoye a gyale.

Allah Ya kai mu azumi lafiya.

Uwani

*

Ranuna, Madina
Watan Ramadan

Uwani,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Ina nan da raina, abin da ya ba tsofaffin Ranuna mamaki. Tun dawowata suke sintiri a gidan nan suna duba ni kamar wadda ta dawo daga duniyar wata. Na gaya musu na ga gajimare da idona yana lasar tukunya. Na gaya musu na kori birai bakwai da sanda ɗaya. In sun tambaye ki, bakwai ne.

Maganar tari ƙarya ce, sau biyu ne da rabi. Ki gode wa tsohuwar. Ki ce mata zuma ta yi, kuma na yarda tana da hannu, duk da kanta ya fi dutsen garinsu tauri. Kambun raihan da ta ɗora min a ka ranar tahowa na rataye shi a ƙusa, ɗakin yana ƙanshi. Hoton mijinki na tayar da shi tsaye, tunda ni ma an kama ni.

Hoton bangon kuwa na daɗe ina kallonsa. Na sa tabarau, na cire, na sake sawa. Cibiyar ce, babu ko shakka. Na ga hannun uwata a bangon dutsen da ba ta taɓa jin sunansa ba. Hajiya Halimatu ta shigo ta same ni ina share ido, na ce mata albasa ce. Ta duba ko'ina ta ce ba ta ga albasa ba. Wannan mata Allah Ya haɗa ni da ita.

Faifan Kaka kada ki maido, gidansa can ne yanzu. Ki aiko min da naki, kwanon kunu ya gaji da faranti.

Jiya bayan la'asar na bi ta gefen Baƙi'a, na tsaya a bakin katanga na yi musu sallama kamar kullum. Da can in na tsaya a wurin roƙona ɗaya ne, kada a ɗauke ni a wani gari. Jiya sai na ji wani sauƙi a ƙirjina. Na ce Inna, kayan da kika ɗora min na sauke, yana hannun takwararki. Yanzu duk ranar da aka kira ni zan shigo hannu sake, ban tafi da abin kowa ba.

Amma kada ki saki jiki. Zagaye na uku na faifanki ya karkace, na gani tun a can na yi shiru don baƙi. Kafin ki koya wa matan mutane, ki jiƙa kaba ki sake wani. In ya sake karkacewa ki faɗa min, na riga na san hanyar filin jirgi.

Gwaggonki,
Innayatu